Hukuncin dattijon da ciwon baya ya hana shi sujada, amma ya ƙi salla a kujera

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya haura shekara saba'in. Likita ya ce yana da amosanin gaɓɓai, kuma ƙasusuwan ƙasan bayansa sun goge har suna danne jijiya. Idan ya yi sujada sai an kama shi yake iya tashi. Mun saya masa kujera ya ƙi, ya ce ladan mai salla a zaune rabi ne. Yanzu kafin kowace salla sai ya haɗiyi ƙwayoyin da wani mai tallan magani yake haɗa masa a leda, domin ya samu ya kai goshinsa ƙasa. Mene ne hukuncin sallarsa da wannan magani, kuma yaya zai yi da azumi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, ku kuma Ya saka muku da alheri kan kula da shi.

Hadisin da Baba yake riƙe da shi ingantacce ne, Bukhari ya ruwaito shi daga Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi. Sai dai malamai sun ɗora shi a kan mai nafila wanda yake da ikon tsayuwa amma ya zaɓi zama. Shi dai wannan sahabi, da basir ya dame shi, ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce masa: "Ka yi salla a tsaye, idan ba za ka iya ba to a zaune, idan ba za ka iya ba to a kan gefenka." Bukhari ya kuma kawo hadisin Abu Musa Al'ash'ari cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa kwatankwacin abin da yake aikatawa yana lafiya a gida. Ke nan mutumin da ya shekara hamsin ko sittin yana sujada, yau baya ya hana shi, ladan sujadarsa yana nan cif. Annabi da kansa ya yi sallar farilla a zaune lokacin da ya faɗo daga kan doki gefensa na dama ya ƙuje.

Amma sauƙin nan ana auna shi ne rukuni-rukuni. Abin da mutum ya kasa ne kawai yake faɗuwa a kansa, abin da yake iyawa yana nan daram. Allah Ya ce: "Ku ji tsoron Allah gwargwadon ikonku" (Tagabun, 16). Ahalari, wanda kusan duk ɗan makarantar zaure ya karanta, ya jero halaye bakwai: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a dama, a hagu, da rigingine. Jeranta huɗun farko wajibi ne. Ba a sauka zuwa na ƙasa sai an kasa na sama, kuma kasawa a nan ta haɗa da matsananciyar wahala, ko tsoron ƙaruwar ciwo, ko jinkirin samun sauƙi. Ba sai mutum ya faɗi ƙasa ba sannan a ce ya kasa.

A nan ne sanin irin ciwon yake da amfani, domin ciwon bayan tsofaffi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda hanyar da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin bayansa ta matse: shi tsayuwa da tafiya ne suke sa ƙafafunsa su yi nauyi su dinga zugi, idan ya zauna ko ya ɗan duƙa sai ya ji sanyi. Akwai kuma wanda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya lalace ko ya zame, ko amosani ya cinye masa gwiwoyi: shi yana iya tsayuwa, duƙawa da tashi daga ƙasa ne azabarsa. Na farkon zai yi kabbarar harama a tsaye, ya karanta Fatiha a tsaye in zai iya, sannan ya zauna, kuma idan yana iya sujada a ƙasa wajibi ne ya yi ta. Zamansa a ƙasa ya ma fi masa kujera, domin ya fi kusa da sujada.

Bayaninka ya nuna Baba yana cikin kashi na biyu. To ya tsaya ya yi kabbara da karatu, ya sunkuya wa ruku'u iya inda zai kai ba tare da ya cutu ba, ya ɗago, sannan ya zauna a kujera ya yi nuni da kai da gangar jiki domin sujada, nunin sujada ya fi na ruku'u yin ƙasa. Kada a ɗaga masa matashi ko faranti zuwa goshi, nunin ya wadatar. A masallaci ya nemi ƙarshen sahu ko jikin bango, domin kujerar kada ta takura wa na bayansa. Ranar da ciwon ya tashi har tsayuwar ta gagara, ya yi duka a zaune. Ranar da ya samu sauƙi ya koma tsayuwa. Ba zan ɓoye ba, kujeru sun yi yawa a masallatanmu, kuma a cikin masu hawansu akwai wanda zai wuni a tsaye a kasuwa amma ya yi kabbarar harama a zaune. Wannan sallarsa ta farilla tana cikin haɗari. Baba kuwa ba ya cikinsu.

Idan wanke ƙafa a alwala yana ba shi wuya, ya zauna a kan abu mai tudu, ko ɗayanku ya wanke masa. Ba ya komawa taimama matuƙar akwai ruwa da mai taimako kuma ruwan ba ya cutar da shi.

Sai maganar ƙwayoyi, wadda ta fi tayar mini da hankali. Neman magani halal ne, an ma kwaɗaitar da shi. A hadisin Usama ɗan Shariku da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Annabi ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba sai da Ya sanya mata magani, in ban da guda ɗaya: tsufa. Gaɓar da ta goge ba ta komawa ta saurayi, abin da ake nema shi ne rage zafi da kiyaye ƙarfin jiki. Amma haɗin leda da ba a san abin da ke cikinsa ba, sau biyar a yini, bai halatta Baba ya ci gaba da shi ba, saboda ƙa'idar "babu cuta, babu cutarwa". Irin waɗannan haɗe-haɗe sukan ƙunshi diklofenak ko ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke jawo gyambon ciki da zubar jini, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini, musamman ga tsoho. Wasu da deksa a ciki, wanda idan aka daɗe a kansa yake rage ƙwarin ƙashi ya ɗaga sukari. Wasu da tiramadol, mai kama jiki har a kasa rabuwa da shi. Tiramadol ɗin da likita ya rubuta da adadi saboda lalura ba laifi a shansa, wanda aka saya a tasha kuwa wani zance ne daban. Allah bai wajabta wa Baba sujadar da sai ya kashe ƙodarsa zai yi ta ba. Ku ɗauki ledar ku kai wa likitansa ya gani, kada a yanke masa ita rana ɗaya ba da sanin likita ba, domin wasu daga ciki a hankali ake janye su.

Ku nemi a tura shi sashen gashi da motsa jiki, su koya masa atisayen da ya dace da bayansa. Yawan kwanciya yana ƙara sandarar da gaɓɓai. 'Yar tafiya zuwa masallaci da sanda a hannu tana cikin magani. Ƙaho ya tabbata a sunna kuma wasu suna jin daɗinsa, amma ba ya buɗe jijiyar da ƙashi ya danne. In zai yi, a yi da sabuwar reza, kuma a fara tambayar likita idan yana da ciwon sukari ko yana shan maganin tsinka jini. Idan kuka ga fitsari ko bayan gida yana kufce masa, ko ƙafa ta fara mutuwa, ko ga zazzaɓi da rama tare da ciwon, to a ranar za ku kai shi babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala ga wanda yake kusa da Kano. Tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani. Ya lazimci addu'ar da Annabi ya koya wa Usmanu ɗan Abul Asi a Sahihu Muslim: ya ɗora hannu a wurin ciwon, ya ce "Bismillah" sau uku, sannan sau bakwai "A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru".

Game da azumi, man shafawa da allurar kashe zafi a tsoka ba sa karya shi, ƙwayar da aka haɗiya tana karyawa. Sau da yawa likita yana iya mayar da maganin zuwa buɗa-baki da sahur. Idan ya ce dole sai da rana, ko azumin zai cutar da shi, ya sha ya rama in ana sa ran sauƙi. In ba a sa rai, ya ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Malikiyya suna ganin wannan ciyarwa mustahabbi ce ga tsoho, mudun Annabi ɗaya a yini, sauran mazhabobi uku suna ganin wajibi ce, kuma ni na fi son ya ciyar in da hali.

Kada ku tsaya gardama da shi kan kujerar. Ku roƙi limamin unguwarku ko wani sa'ansa da yake jin maganarsa ya karanta masa hadisan nan, zai fi saurin karɓa daga bakinsu.

Wallahu a'alam.