Dakashi: A Zubar Ko A Ba Jariri?

Tambaya: Likita, ina da cikin fari wata 8, kuma surukata ta ce idan na haihu sai an tatse nonon farko an zubar, a ba jariri ruwan ɗumi. Haka ne?

Amsa: Allah Ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Wannan nono mai kauri, rawaya-rawaya, ba gurɓatacce ba ne, domin yana ɗauke da sinadaran da ke kare jariri daga gudawa da ciwon huhu, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, ba tare da ruwa ba har wata 6. Ki tafi awo da Hajiya, ta ji daga bakin ungozoma.