Wane irin mandolin zan saya, kuma yaya zan tsira da yatsuna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan girkin mutane da yawa, kuma yankan albasa da kabeji da dankali da wuƙa yana cinye mini lokaci. Na ga ana amfani da wani allon yanka da ake kira mandolin, amma wata ƙawata ta ce kada in kuskura, domin ya taɓa ɗauke mata naman yatsa. Wane iri ya kamata in saya, kuma da gaske haɗarinsa ya kai haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki gaskiya ta faɗa, amma wannan ba dalilin fasa saye ba ne. Mandolin allo ne mai gangara da aka kafa wa reza mai kaifin gaske a tsakiya. Ita rezar ba ta motsi, hannunki ne yake kai kayan lambu wurinta, ya koma, ya sake kaiwa. A nan saurinsa yake, a nan kuma haɗarin yake, domin duk zuwa ɗaya dankalin yana raguwa, yatsunki suna ƙara matsowa kusa da kaifin ba tare da kin lura ba. Saboda haka in kin je saye, abin da za ki fara dubawa shi ne mariƙin da ke shiga tsakanin hannunki da rezar. Yawan kayan haɗin da aka zana a jikin kwali ya biyo baya.

Ki ɗauki mariƙin ki juya shi. Mai kyau yana da faɗin da zai rufe tafin hannu, yana da ƙusoshi ko haƙoran da za su nutse cikin dankali su kama shi gam, kuma yana da abin dannawa a sama wanda ke tura kayan ƙasa yayin da suke raguwa. Wanda haƙoransa 'yan guntayen roba ne, albasa za ta riƙa suɓuce masa, ki gaji ki ajiye shi gefe ki ci gaba da hannu. Da yawa daga cikin masu yankewa ta wannan hanyar suke bi.

Sai zaman allon. Ki ɗora shi a kan tebur ki danna. In yana rawa ko yana lanƙwasa a tsakiya, ki bar shi. Ki nemi mai ƙafafu da aka sa wa roba a ƙasa, ko mai gurbin da zai zauna daram a bakin kwano.

Rezar kuwa kala uku ce. Akwai miƙaƙƙiya wadda ta gitta allon kai tsaye, irin ta manyan mandolin na ƙarfe da ake yi a Faransa, kamar na Bron Coucke da de Buyer. Suna da ƙarko, amma suna da nauyi da wuyar saiti, kuma da yake dankalin yana karo da tsawon rezar gaba ɗaya a lokaci guda, sai an ɗan sa ƙarfi. Waɗannan sun fi dacewa da gidan abinci. Akwai ta karkace, irin ta Benriner na Japan, wadda take shiga kayan daga gefe ɗaya ta ratsa a hankali, shi ya sa yankanta yake fita sumul ba tare da dannawa ba. Sai dai mariƙinsa ƙarami ne, kuma ƙaramin samfurinsa siriri ne, babbar albasa ba za ta hau ba sai an raba ta. Na ukun ita ce mai siffar harafin V, irin ta Börner na Jamus, wadda take kama kayan ta gefe biyu. Ita ta fi iya abu mai laushi kamar tumatir, amma in ta dakushe wasa ta aiki ne. Ban da waɗannan, akwai kuma ƙananan mandolin na riƙewa a hannu masu rezar tangaran, irin na Kyocera, kaifinsu yana daɗewa amma suna ɓantarewa in sun faɗi ko sun gamu da abu mai tauri.

Ga mai girkin gida mai yawa irinki, ni zan zaɓi mai V ɗin da ke da babban mariƙi, ko kuma mai faɗi daga cikin masu rezar karkace. Ki tabbatar ana iya saita kaurin yanka daga kamar milimita 1 zuwa 6 ko sama da haka. Milimita 1 zuwa 2 ya isa soyayyen dankali fale-fale da kabeji, 3 kuma ga dankalin da za a jera a gasa. Haƙoran da ke fitar da karas siriri kamar tsinken ashana suna da amfani, amma saiti ɗaya ko biyu sun wadatar. Duk canjin reza sai kin kama kaifi da hannu, don haka mai rezoji goma ya ba ki damar yankewa goma ne.

Tare da shi ki sayi safar hannu mai hana yanka. Kada ki ce sai daga baya. Ana saƙa ta da zare mai ƙarfi na musamman, wani lokaci da siririyar waya a ciki. A jikinta za ki ga ma'aunin ƙarfinta: na Amurka daga A1 zuwa A9, na Turai mai lamba EN 388 kuma daga A zuwa F. A4 ko A5 ya isa aikin kicin. Ki sa ta a hannun da ke turawa, ta kama ki daidai, ba mai lilo a bakin yatsu ba. Ki sani tana rage yanka ne kawai, kuma tsinin haƙoran nan na karas yana iya huda ta. Ba ta maye gurbin mariƙi, tare suke aiki.

In za ki fara, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi don kada allon ya zame. Ki sare gefe ɗaya na dankalin da wuƙa ya samu shimfiɗaɗɗiyar fuskar da zai kwanta a kai. Dogon abu kamar karas ko kokwamba ki datsa shi gunduwa-gunduwa yadda mariƙi zai kama. Ki sa gangaren ya fuskanci gaba, ki riƙa turawa nesa da jikinki, da hannu sakakke. Reza mai kaifi ba ta neman ƙarfi. In kika ji sai kin danna da kafaɗa, ko dai ta dakushe, ko abin ya fi ƙarfinta, kamar kabewa mai tauri ko abin da ya daskare a firiza. In ya maƙale a tsakiyar yanka, kada ki tura da tsiya, domin idan ya kuɓuce hannun ne zai wuce da duk ƙarfin da kika tara. Ki ja shi baya ki sake. Ki riƙa kwashe abin da ya taru a ƙasa, shi ma yana toshe hanya.

Guntun ƙarshe kuwa, wanda ya rage kamar kaurin yatsa, ki haƙura da shi. Ki ƙarasa da wuƙa ko ki jefa a miya. Kuma in an kira ki ko yaro ya yi kuka, ki tsayar da hannu tukuna kafin ki waiwaya.

Wurin wanki ma ana yankewa, kuma mutane ba su cika zato ba. Kada ki taɓa jefa shi cikin ruwan kumfa inda wani zai tura hannu bai gani ba. Ki ɗauraye shi nan take kafin sitacin dankali ya bushe, ki goge da buroshi mai dogon hannu daga bayan rezar zuwa bakinta, ba da soso a tafin hannu ba. Ki shanya shi, ki mayar da saitin sifiri yadda rezar za ta kwanta daidai da allon, ki adana inda hannun yara ba ya kaiwa.

In tsautsayi ya gitta, yankan mandolin yakan feƙe fatar kan yatsa ne, kuma wurin yana zubar da jini sosai. Ki wanke da ruwa mai tsabta, ki danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙe ba, hannun a sama da ƙirji. In jinin bai tsaya ba, ko yankan ya yi zurfi, ko ya taɓa farce, ko yatsan ya mutu ba kya jin sa, sai asibiti. In wani yanki ya cire, a naɗe shi a jiƙaƙƙen bandeji mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da shi. A can ki gaya musu yaushe rabonki da allurar tetanus.