Wace manhaja ce ta dace da zana bargon haɗin ƙyallaye?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sai kin sayi manhaja kafin ki tsara bargon da ake haɗawa da guntayen yadi. In na farko ne, a'a. Takarda mai layin murabba'i da fensir sun isa.

Amma in sana'a za ki mai da shi, masu wannan ɗinki a Amurka sun fi amfani da Electric Quilt 8, wadda ta fito a 2017, tana aiki a Windows da Mac. Abin da ya fi burge ni shi ne za ki ɗauki hoton atamfarki ki saka, ki ga yadda launuka za su zauna tun almakashi bai taɓa yadi ba. Tana kuma lissafa yadi nawa kowane launi zai ci. Ta kuɗi ce. Inkscape, wata manhajar zane, kyauta ce, sai dai lissafin yana kanki.

Ki kula lokacin da za ki buga zanen a takarda da firinta don yanka yadi. Ma'aunin masu wannan ɗinki a Amurka inci ne, kuma ana barin rubu'in inci a kowane gefe don ɗinki. Ki buga a kan kashi 100, wato ainihin girman zanen, sannan ki ɗora tef ɗin awo a takardar ki auna kafin ki yanka, don in firinta ta ɗan rage girman, kusurwoyin ba za su haɗu ba.