Tambaya da Amsa: Gwajin tsohuwar Mercedes 280 SL kafin a biya kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An yi mini tallar Mercedes 280 SL ƙirar 1969, mai kujera biyu, wadda ta daɗe a ajiye a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Mai ita ya ce ƙarfinta na nan daram. Me zan duba kafin in biya? Daga mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. An ƙera wannan mota a Jamus daga 1967 zuwa 1971, da inji mai silinda 6, lita 2.8, ƙarfin doki 170, kuma tana sabuwa takan kusanci kilomita 200 a awa. Amma darajarta ba a gudu take ba, a laushin inji take, don haka shi za ka bincika.

Fara da kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska a cikin silinda. A bari inji ya yi zafi, makanike ya cire buji duka 6 ya auna kowace silinda. Idan awon silinda biyu da ke maƙwabtaka ya faɗi tare, alama ce juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Nan ne raunin wannan inji: an faɗaɗa silindoji har babu hanyar ruwa a tsakaninsu, zafin watan Afrilu na Maraɗi kuwa ba ya yi masa sauƙi. Ka bar ta tana aiki a tsaye minti 20 da rana tsaka, idonka a kan allurar zafi.

Ba ta da karbirato. Famfon Bosch ne ke tura mai, kuma mota in ta daɗe a ajiye, tsohon mai yakan daskare a cikinsa. Baƙin hayaƙi, ko warin fetur a jikin sandar auna baƙin mai, alama ce famfon na zuba mai fiye da kima, yana wanke silinda. Gyaransa na da tsada, masu iya shi kaɗan ne, kada ka bari a taɓa shi da ka. A wanke tanki, a sa sabuwar matatar mai, kuma a nisanta ta da man ruwa-ruwa na kwalba.

Sai gwajin hanya, wajen Tasawa. Taka wuta a hankali daga kilomita 40 zuwa 100: ya kamata ta hau ba tari ba gargada. A kwana kada ka ɗage ƙafa farat ɗaya, domin ƙafafunta na baya kan sa gindinta ya zame.

Ɗaga dardumar ƙasa ka ƙwanƙwasa ƙarfen. Tsatsa a nan ta fi matsalar inji wuyar magani.