Amsa ga Hajiya kan katunan besbol na yaronta

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun shekaranjiya na ga tambayarki, aiki ne ya hana ni zama in amsa miki a natse. Kin ce maƙwabcinku da zai tashi ya bar wa yaronki ɗan shekara 11 kwali guda na katunan 'yan wasan besbol, yawancinsu na 1988 zuwa 1991, yaron yana ta murna wai ya samu dukiya. Yanzu kuma ya tasa ki gaba ki saya masa ƙwallo mai sa hannun wani ɗan wasa da ya gani a intanet a kan dala 60, har da takardar shaida. Kina tambaya ko katunan na da daraja, ko ki sayi ƙwallon, ko kuwa abin duk shiririta ce da za ta raba shi da karatu.

Ni ma ta hanyar ɗana na shiga wannan harka. Gidanmu a unguwar Bronx ta birnin New York yake, ba nisa da filin wasan kulob ɗin Yankees na titi na 161, kuma na yi shekaru ina sauke fasinja a bakin filin ban san yadda ake buga wasan ba. Yaron ne ya fara dawowa daga makaranta da katuna a aljihu. Yau ya girma ya kama aikinsa, ni kuma har yanzu ina tarawa.

Maganar kwalin nan, gara ki ji gaskiya tun yanzu don ki san yadda za ki lallaɓa yaron: ba za su kawo kuɗi ba. Kafin 1981 kusan kamfanin Topps ne kaɗai ke riƙe da kasuwar. A shekarar Fleer da Donruss suka shigo, Score ya biyo a 1988, Upper Deck a 1989. A daidai lokacin labari ya bazu cewa tsofaffin katuna sun yi tsada, sai kowa ya shiga saye yana ɓoyewa, kamfanonin kuma suka yi ta bugawa ba awo. Har yau masu harkar suna kiran shekarun nan zamanin tarkace. Abin da ke cikin ɗakin kowa, wa zai saya a hannun wani? Katunan da kike ji an sayar da miliyoyi, rashin ajiyarsu ne ya ba su daraja. Yara sun yi wasa da su sun yage, sun maƙala su a kan wayoyin tayar keke don su riƙa ƙara, iyaye mata sun share sun zubar. Katin Mickey Mantle na Topps na 1952 da aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022, ɗaya ne daga cikin ƙalilan da suka tsira kamar yau aka buga su. Na Honus Wagner kuwa a cikin kwalin sigari ake samunsa tsakanin 1909 da 1911, waɗanda suka rage a duniya 'yan gomomi ne, shi ya sa guda ya kai dala miliyan 7.25 a wannan watan dai.

Duk da haka ku zauna ku duba kwalin tare. In akwai Ken Griffey Jr. na Upper Deck na 1989, mai lamba 1, a ware shi gefe, shi ne katin da ake so a zamanin, ko da yake shi ma an buga shi da yawa. In yaron ya nuna miki wani kati a kasuwar intanet ta eBay ya ce ga irin nasa an sa dala dubu, ki ce ya buɗe jerin waɗanda aka riga aka sayar. Farashin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka biya daban. Akwai kuma kamfanonin da ke ba kati maki daga 1 zuwa 10, irin su PSA da SGC da Beckett. Suna duba kusurwoyi huɗu, da gefuna, da fuskar katin, da ko hoton ya zauna a tsakiya. Kati iri ɗaya, mai maki 10 zai iya ninka mai maki 8 sau da yawa. Sai dai kuɗin duba kati guda ya fi darajar kusan duk abin da ke cikin kwalinku, don haka kada ki aika ko ɗaya.

Ƙwallon nan kuwa, don Allah kada ki saya. An taɓa yi mini. Na sayi ɗaya a wata kasuwar ƙarshen mako a hannun wani mutum mai daɗin baki, dala 80, da takardar shaida mai hatimin ruwan zinare, na kai wa yaro a matsayin kyautar Sallah. Shekara biyu tana kan kantarsa yana nuna wa abokai. Ranar da muka je wani bajekolin katuna inda masu tantance sa hannu suka kafa tebur, mutumin bai yi minti ɗaya yana juya ta ba ya ce jabu ce. Kuɗin bai dame ni ba kamar fuskar yaron a cikin mota da muke komawa gida, har muka iso bai ce uffan ba. Takardar shaida kowa zai iya buga ta a ɗakinsa. Abin ya taɓa yin muni a nan Amurka har hukumar FBI ta yi wani babban bincike a ƙarshen shekarun 1990, wanda ta sa wa suna Operation Bullpen, ta kama gungun masu ƙirƙirar sa hannun manyan 'yan wasa tare da takardun shaidar ƙarya. Idan har za a saya, a nemi wanda kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA ko JSA ko Beckett suka tantance, mai lambar da za ki shiga shafinsu ki gani da idonki. Ko kuma mai ɗan tambarin nan mai ƙyalli na MLB, hukumar babban rukunin besbol, wanda tun 2001 suke liƙawa a kan kayan da wakilinsu ya tsaya aka sa wa hannu a gabansa. Sa hannun fitaccen ɗan wasa a dala 60, araha ce da ba ta ado.

Abin da na fi so ki ji shi ne, yaron zai iya samo sa hannu da kansa, kuma nan ne daɗin abin yake. A babban fili yana da wuya, jama'a sun yi yawa, masu gadi kuma ba sa barin a matsa. Ku je wasan ƙananan kulob inda matasan 'yan wasa ke koyon sana'a. Tunda a New York kuke, ga Brooklyn Cyclones a Coney Island, reshen babban kulob ɗin Mets ne, ga kuma Somerset Patriots a New Jersey, reshen Yankees. Tikiti ba tsada. Ku isa da zarar an buɗe ƙofa, yaron ya tsaya a bakin shinge kusa da bencin 'yan wasa lokacin da suke motsa jiki. Ya riƙe abu ɗaya tak, ya kira mutum da sunansa cikin ladabi, in an sa masa hannu ya yi godiya ya matsa wa na baya. In an wuce shi kada ya ji haushi, mutumin a bakin aikinsa yake. Tarbiyyar da muke ba yaranmu a gida tana yi musu rana a wurin nan, na sha ganin ɗan wasa ya tsallake manya masu ɗauke da tulin hotuna ya zo wurin yaron da ya tsaya shiru.

Ba na manta wani saurayi ɗan Jamhuriyar Dominika, Turancinsa bai gama nuna ba. Ya karɓi ƙwallon ɗana, ya tambaye shi sunansa, ya kasa faɗa daidai, ya sa yaron ya maimaita masa har sau uku sai da ya iya, sannan ya rubuta sunan a saman sa hannunsa. Saurayin nan bai taɓa kaiwa babban rukuni ba, na bi labarinsa shekara biyu sannan ya ɓace mini. A kasuwa ƙwallon ba ta kai kuɗin shayi ba. Amma da ɗana zai tare a gidansa, ya bar mini katuna dubbai, ita kaɗai ya ɗauka.

A kula da abin rubutu. Ƙwallo da biro shuɗi ake sa mata hannu, a wurin da ɗinkin biyu ya matso kusa, domin tawadar maka irin ta Sharpie tana nashewa cikin fatar ta dishe. Kati da hoto su ne na Sharpie. In katin mai santsi ne, a ɗan goga masa hodar jarirai a share kafin a miƙa, in ba haka ba tawadar ba ta kamawa.

Akwai kuma hanyar gidan waya. Yaron ya rubuta gajeriyar wasiƙa da hannunsa, ya sa kati ɗaya, da ambulan na biyu mai adireshinku da kan sarki a liƙe, a aika zuwa adireshin kulob ɗin. Mun fi dacewa a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da suke atisaye a Florida da Arizona. Wani ya dawo cikin mako biyu, wani bayan shekara, da yawa ba sa dawowa, saboda haka kada a aika katin da ake ji da shi. Tsofaffin 'yan wasan da suka yi ritaya sun fi amsawa, kin ga nan kwalin maƙwabcin zai yi amfani.

Batun karatu, ni dai alheri na gani. Ɗana ba ya son rubutu, wasiƙun nan ne suka gyara masa hannu, domin ya san in rubutun ya yi muni ba mai karantawa. Bayan kowane kati kuma cike yake da lissafi. Da kansa ya gano cewa .300 na nufin ɗan wasa ya dace da bugu sau 3 cikin 10, daga nan raba lamba ya daina ba shi tsoro. Ta kati ya san Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariya a 1947, da dalilin da ya sa kowane ɗan wasa ke sa lambarsa 42 ranar 15 ga Afrilu.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne sayen fakiti a rufe. Kamfanonin yanzu suna ɓoye katuna 'yan kaɗan masu tsada a cikin dubban fakitoci, yaro ya yi ta saye yana fatan ya dace. Mafi muni shi ne waɗanda ke buɗe kwalaye kai tsaye a bidiyo, mutane su zuba kuɗi, kowa a ba shi kulob ɗaya, abin da ya fito na kulob ɗinka shi ne rabonka. Ni a wurina wannan caca ce, kuma na ga magidanta sun zuba albashinsu a ciki. Kada katin bankinki ya zauna a wayarsa. A gidana na yanka wa yaro abin da zai kashe a wata, in yana son wani ɗan wasa mu sayi katin shi kaɗai, mun san abin da muka biya mun san abin da muka karɓa. A bajekoli akwai akwatunan da ake zaɓar kati a kan 'yan sulalla, yaro zai yi awa biyu a kansu da dala 5.

Yau ɗin nan ki sa ya cire duk robar da aka ɗaure katunan da ita, tana cin gefuna. Kada a ajiye su a ɗakin ƙasa saboda danshi, kada kuma a jera mai sa hannu a inda rana ke bugawa, tawada tana gushewa. Waɗanda ya fi so a sa kowanne a 'yar ledarsa sannan a gidan roba mai tauri, sauran a albam mai aljihu tara a shafi. Ina da albam biyu da ledoji da ba na amfani da su. In Allah ya kai mu Juma'a zan riƙo su in ba maigidanki a masallaci, in kuma an fara wasa a Afrilu ya ga dama, sai mu kai yaron Coney Island tare. A gaida shi da kyau.