Tambayoyinku kan fomalin: kayan ɗakin amarya, kajin ƙanƙara da zancen cutar kansa

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan tambayoyi sun taru kan fomalin, wanda da yawanku ke kira maganin gawa, toh bari in amsa su wuri guda.

Wata Hajiya daga Zariya: Likita mun yi wa yarinyata kayan ɗaki, gado da sif da madubi duk na MDF, tunda aka jera ɗakin in ka shiga sai ido ya dinga yaji yana hawaye ga wani wari kamar na asibiti, ita kuma amaryar kullum atishawa da ciwon kai. Wata ta ce min wai cutar kansa yake sawa, don Allah gaskiya ne?

Hajiya Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Warin nan da kike ji iskar fomaldehaid ce, ita ce in aka narka ta a ruwa wajen kashi 37 cikin 100 ake kiranta fomalin. Shi MDF ai garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, gam ɗin nan shi ke fitar da iskar a hankali, kuma zafi da laima suna ƙara mata ƙarfi, ga shi ɗakin amarya a rufe yake ruf, labule mai kauri, kafet, taga ba a buɗewa saboda ƙura, sannan a zuba turaren wuta a kai, shi ma hayaƙin yana da tasa fomaldehaid ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar iskar ɗaki ta wuce miligiram 0.1 a kowace kubik mita, in har ido na yaji toh da alama an kai wurin ko an wuce.

Amma ki kwantar da hankalinki, watannin farko ne ya fi fita daga nan yana raguwa, kuma zaman ƴan watanni da sabon gado ba shi ne irin haɗarin da ake magana a kai ba in ana zancen kansa. A buɗe tagogi safe da yamma, a bar ƙofofin sif da durowa a buɗe, a sa fanka tana kora iskar waje, a ɗan rage turaren. In tana da asma ko ta samu ciki gara ta koma kwana a wani ɗakin har warin ya lafa. Ni da za a ji tawa, da an dinga karɓo kaya daga wajen kafinta da wuri su sha iska kafin ranar jere, amma mun san halinmu, sai ana gobe ɗaurin aure ake ɗauko su.

Wani kafinta daga Kano: Likita ni sana'ata kenan, na fi shekara goma ina yankan MDF a shago, ina matsayina?

Malam kai ne wanda tambayar ta fi shafa gaskiya. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa fomaldehaid a rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa tun 2004, saboda kansar can bayan hanci inda ya haɗu da maƙogwaro, a 2009 kuma ta ƙara da kansar jini. Amurka ma ta bi sahu a 2011. Kuma shaidar daga ina ta fito? Daga ma'aikatan masana'anta da masu gyaran gawa, mutanen da suka yi shekaru suna shaƙa kullum. Kai kuma abu biyu ne a kanka, don ƙurar katako ita kanta tana wannan rukunin na farko, tana taɓa hanci da kogunan da ke kewaye da shi.

Wannan ba yana nufin za ka kamu ba, kansar bayan hanci ba ta da yawa, mafi yawan masu sana'ar ba sa samunta. Amma ka fitar da injin yanka waje ko inda iska ke ratsawa, ka daina yanka a shago ƙofa a rufe, ka samu takunkumin N95 saboda ƙura, sai dai ka sani shi ƙura kawai yake tarewa, iskar fomaldehaid ɗin tana wucewa, mai tare ta sai irin na roba mai gwangwanin tacewa a gefe. Kar a dinga ƙona ragowar MDF ana jin ɗumi da sanyi, yaran shago na yin haka sosai. In kana shan sigari ka bari, hayaƙinta cike yake da fomaldehaid. Abin da zai kai ka asibiti wajen likitan kunne da hanci: hanci ɗaya ya toshe ya ƙi buɗewa, yawan haɓo, kunne ɗaya ya dinga toshewa ko ƙara, ko ƙullutu a wuya mara zafi da ya wuce sati uku. Kar ka tsaya shan maganin mura a kemis.

Wata ƴar uwa daga Abuja: Wai da gaske ana sa wa kajin ƙanƙara maganin gawa? In na wanke na dafa ya fita?

Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan haka, musamman kajin da ake fasa-ƙwaurinsu ta kan iyaka, waɗanda dama an haramta shigo da su. Wanki da dafuwa suna rage shi tunda yana narkewa a ruwa, amma ba zan ce miki sun fitar da shi duka ba, kuma abin da ya fi damuna shi ne dalilin sa shi, wato kazar ta yi kwanaki a mota ƙanƙara ta narke, an sa ne don kar ta nuna ta lalace. Zancen wai in ƙuda bai sauka ba akwai fomalin, wannan ba gwaji ba ne, sai a lab ake tabbatarwa. Ki sayi mai rai a yanka miki ko ta gonar da kika sani.

Wani magidanci daga Sakkwato: Na ga bidiyo a WhatsApp wai allurar rigakafin yara akwai fomalin a ciki, na hana a yi wa ɗana.

Malam akwai ɗan gaskiya a ciki shi ya sa bidiyon ke ruɗa mutane. Ana amfani da fomaldehaid wajen kashe ƙwayar cutar ko kashe ƙarfin gubarta lokacin haɗa wasu rigakafin, kamar allurar shan inna da ta tetanus, daga baya a tace shi, abin da ke saura ɗan mitsitsi ne. Abin da mai bidiyon bai faɗa maka ba shi ne jikin ɗanka da kansa yana ƙera fomaldehaid kullum, jinin kowa na ɗauke da wajen miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita, jiki kuma yana sarrafa shi cikin mintuna, har a tuffa akwai shi. Wanda ke jinin jariri ya ninka na allurar sau da yawa. Ka kai yaron a yi masa don Allah, hayaƙin icen da ake girki da shi yana goye a baya ya fi wannan abin dubawa nesa ba kusa ba.

Wata mai shagon gyaran gashi daga Kaduna: In ina yi wa kwastoma keratin na sa abin miƙar da gashi mai zafi sai hayaƙi ya tashi, maƙogwarona ya dinga ƙaiƙayi, hannuna ma ya fara ƙuraje.

Ƴar uwa duba jikin robar, in kin ga formalin ko methylene glycol toh shi ne, zafin ne ke mayar da shi iska, wasu ma an rubuta babu a jiki amma da aka gwada a Amurka aka samu. Kwastoma sau ɗaya take zuwa a wata da watanni, ke kuwa kullum kina tsaye a kai. Ki canza mai, in kuma dole ne toh safar hannu, ƙofa a buɗe, fanka tana turawa waje, AC ba ya fitar da komai juya iskar kawai yake. Ƙurajen nan alaji ne, in ya kama fata yakan dawo duk sanda kika taɓa.

Masu kiwon kaji da ke turara ɗakin ƙyanƙyasa da fomalin, ku fita ku rufe, kar a shiga sai an buɗe ya sha iska sosai, kuma don Allah a daina zuba shi a robar ruwa ko ta lemo, mililita 30 kacal, wajen babban cokali biyu, na iya kashe babba. In yaro ya sha kar a sa shi amai kar a ɗura masa manja, a wuce asibiti da robar a hannu. In ido ya fantsama a wanke da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi.