Amsa ga mai neman sayen gida a Kaduna

Malam, ka ce aiki ya dawo da kai Kaduna, kana son unguwar da iyali za su sake, ga abinci kusa. To, aljihunka ne zai fara yin magana.

Idan da hali, Malali ko Unguwar Rimi. Shiru, tituna masu faɗi, amma farashin fili sai ka riƙe baki. Ni dai Unguwar Dosa na fi so: da magariba hayaƙin mai tsire ya turnuƙe bakin titi, da safe mai waina na juya tanda, miyar taushe na tafasa a gefe, yara sun yi layi da kwanuka. Kana kusa da Kawo, duk motar da za ta Zariya ko Kano tana nan.

Rigasa akwai sauƙi, ga tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016, sai dai cunkoso. Tudun Wada kuwa ta 'yan kasuwa ce, Kasuwar Barci na gefenka.

Abu ɗaya: kada ka duba gida da rani kawai. Koma a watan Agusta, musamman wuraren da ke gaɓar Kogin Kaduna irin su Kigo Road, ka kalli zanen da ambaliyar ruwa ta bari a jikin katanga. Kuma kafin ka ba dillali ko sisi, je KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar, a tantance maka takardun filin.